Ku Tambayi Anti: Jiki na nan, hankali ya koma gefe yana kallo

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonni uku na ware wannan karon, masu su ba su san juna ba amma ciwon nasu dangin juna ne, biyu sun kasa nutsewa cikin abin da suke yi, na ukun kuma shi in ya nutse sai an tsamo shi. Kamar kullum na cire sunaye na kuma rage tsawon saƙon.

TAMBAYA: Anti barka da aiki, dan Allah ki sakaya sunana. Allah ya nufe ni da zuwa Umara a azumin da ya wuce, maigida ne ya biya mana ni da mahaifiyarsa, abin da nake roƙo tun ina budurwa. Toh Anti tunda na dawo raina ba ya min daɗi, in na zauna ina so in tuna yadda na ji da na fara ganin Ka'aba sai in ga wayam, abin da nake tunawa kawai ina ta kiciniyar zaro waya daga jaka kar abin ya wuce ni, a ɗawafi ma ina zagayawa ina bidiyo kol da 'yan gidanmu wannan ya ce nuno min wancan ya ce ki sa ni a addu'a, ga sitatus da nake ɗorawa kusan bayan kowace sallah. Surukata kuwa da wayarta ko kyamara babu, in tana ba da labari har hawaye take. Ni ga hotuna nan fal waya amma ji nake kamar ban je ba. Anti Umarata tana nan kuwa? In Allah ya sake kai ni ya zan yi? Daga wata ƙanwarki a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya karɓi ibada ya maimaita mana. Bari in fara da abin da ya fi tsaya miki a wuya. In dai kin ɗauki harami a miƙati, kin yi ɗawafi bakwai da alwalarki, kin yi Safa da Marwa bakwai, kin rage gashi, toh Umara kin yi ta, riƙe waya ba ya cikin abubuwan da suke rushe ta. Lada kuwa tsakaninki ne da Ubangijinki, kuma wanda ya kai ki har can ya fi kowa sanin shekarun da kika ɗauka kina roƙo. Kar ki bari shaiɗan ya ci riba sau biyu, ya ɗauke miki hankali a can sannan ya biyo ki har Gusau yana ce miki kin yi asarar kuɗin mijinki.

Wannan abin na a ɗauki hoto a kasa tunawa ba a kanki farau ba, har gwaji an yi a kai. Wata malamar jami'a a Amurka, Linda Henkel, ta zagaya da ɗalibai gidan adana zane-zane da kayan tarihi, ta ce wasu kayan ku ɗauke su hoto wasu kuma ku tsaya ku kalla kawai, washegari da aka tambaye su sai aka tarar kayan da suka ɗauka a hoto su suka fi mantawa, har siffarsu ma ta fi ɓace musu. A 2014 aka buga sakamakon. Kamar ƙwaƙwalwa ce take cewa ai waya ta adana, ni meye nawa na wahala. Amma akwai ɓangaren da ba a cika faɗa ba, lokacin da aka ce su jawo hoton kusa su ɗauki wani yanki ƙarami na abin, ba su manta ba, saboda sai da suka zuba ido sosai kafin su danna.

Sai wasu masu binciken kuma, Alixandra Barasch da abokan aikinta, suka zo da abin da ni a ganina ya fi kama da labarinki. A 2016 sun nuna ɗaukar hoto yakan ma ƙara wa mutum jin daɗin abin da yake ciki, don yana sa shi ya lura. A 2018 kuma suka nuna in mutum yana ɗauka ne da niyyar ya watsa wa jama'a, daɗin raguwa yake in aka kwatanta da wanda ya ɗauka don ya ajiye wa kansa, saboda shi na farkon hankalinsa ya koma kan yadda za a gan shi. Toh a nan gizo ke saƙar. Tikitin mutum ɗaya aka saya miki amma kin shiga Harami da guruf ɗin gidanku kaf, da na ƙawayen sakandare, da kishiyar yayarki da kika san tana leƙa sitatus ɗinki ba ta magana, kina ɗawafi kina kallon kanki ta idonsu, hijabina ya zauna daidai kuwa, Ka'aba ta fito a bayana, wa ya gani wa bai gani ba. Surukarki ita kaɗai ta shiga.

Kuma ki sani ko mafi tsarkin zukata ba ta yarda ta bar abin ɗauke hankali a gabanta ba. Ya zo a Bukhari da Muslim daga Nana A'isha cewa Manzon Allah (SAW) ya yi sallah da wani mayafi mai zane-zane, da ya idar sai ya ce a kai wa Abu Jahm shi a karɓo masa nasa mara ado, saboda zanen ya so ya shagaltar da shi a sallah. Zanen mayafi fa kenan, ba ya ƙara ba ya haske ba ya kawo saƙo. Ki lura da abin da ya yi, cire abin ya yi daga gabansa kawai.

Ba zan ce miki ki bar waya a masauki ba don ba zai yiwu ba, yanzu ko Rauda za ki shiga a Madina sai da izini ta manhajar Nusuk, ga neman abokan tafiya in an rabu a cunkoso, ga tsohuwa a hannunki. Abin da za ki yi tun kafin ki bar gida ki bi dangi kowa ya faɗi addu'ar da yake so ki rubuta a takarda, ki gaya musu ƙarara cewa ba kya ɗaga waya cikin Harami, za ki kira su in kin koma masauki. Za su yi ƙorafi kwana biyu su haƙura. In za ki fara ɗawafi ki kashe data ki jefa wayar can ƙasan jaka, in kin gama komai kin sha zamzam kin huta toh ki ɗauki hotonki biyu uku, ba laifi ba ne mutum ya so abin tunawa, amma ɗorawa ki bari sai dare ko ma sai kin dawo.

Sai gargaɗi ɗaya da na fi so ki riƙe, saboda na ga take-takenki. Kar ki koma can da niyyar sai kin yi kuka irin na surukarki. In kika yi haka kin ajiye waya ne kin ɗauko wani mai gadin da ya fi ta takura, za ki tsaya gaban Ka'aba kina leƙen zuciyarki, ya na ji, hawayen ya taho kuwa, me ya sa na kusa da ni take kuka ni shiru, kinga an koma gidan jiya, kallon kai ne dai a wata rigar. Ki ba hankalinki aiki a waje, ma'anar Rabbana atina da kike karantawa tsakanin Rukunul Yamani da Hajarul Aswad, sanyin farin dutsen nan na filin ɗawafi a tafin ƙafarki duk zafin rana, hannun tsohuwar da kike riƙe da shi. Hankali zai gudu, dole ne, wani bincike da aka yi a Jami'ar Harvard a 2010 kan mutum 2,250 ya gano kusan kashi 47 cikin 100 na lokacin da aka tuntuɓe su tunaninsu yana wani wajen daban da abin da suke yi. In ya gudu ki dawo da shi ba tare da kin tsaya yi masa faɗa ba. Kuka in ya zo ya zo, in bai zo ba ba sharaɗi ba ne.

Ita kuma wannan tafiyar da ta wuce, ki je ɗakin surukarki ki ce Hajiya ba ni labarin ranar da muka sauka, ki yi shiru ki saurara, tare kuka je, za ki sha mamakin abubuwan da za su dawo miki.

TAMBAYA: Salam Anti. Ni ɗalibi ne ina aji uku a jami'a. Matsalata ita ce duk inda nake sai in ji kamar na rabu biyu, ɗaya yana yi ɗaya yana gefe yana kallo yana ba da maki. In muna hira a majalisa aka yi dariya ina dariyar ina tunanin ko tawa ta yi ƙara da yawa, in na yi magana kafin in rufe baki na fara auna ta, in na koma ɗaki in kwanta in ta maimaita hirar har ɗaya na dare ina cewa da ban faɗi kaza ba. Ƙwallo da nake bugawa tun ina yaro yanzu in aka taru ana kallo sai ƙafata ta rikice. A sallah ma haka, ina karatu ina tambayar kaina ko na nutsu, ƙarshe in manta raka'a nawa na yi in sake. Yarinyar da nake nema ta ce in muna zance kamar ba na wajen, abokai kuma wasu na cewa girman kai ne. Ni kuma da ina ganin abin kirki nake tunda malamai suna cewa mutum ya riƙa yi wa kansa hisabi. Anti ina iyakar abin yake? Daga ɗanki a Zariya.

AMSA: Ɗana sannu, wallahi na tausaya maka don wannan gajiya ce da ba a ganinta a fuska, mutum ya wuni bai ɗauki kaya ba amma ya kwanta kamar wanda ya yi dako. Kuma ba girman kai ba ne, mai girman kai bai damu da yadda dariyarsa ta fita ba.

Maganar malamai gaskiya ce, an ruwaito daga Sayyidina Umar cewa ku yi wa kanku hisabi kafin a yi muku. Amma ka dubi ɗan kasuwar da ya san abin da yake, yaushe yake lissafi? In ya rufe shago. Ba ya tsayar da mai saye a tsakiyar ciniki ya ce dakata in duba ko ina cin riba yau. Kai ka ɗauko aikin dare ka kawo shi tsakar rana, sannan daren ma ba ka bar shi ya huta ba. Hausawa sun ce ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu, ka yi haƙuri da lafazin amma ita ce maganar.

Abin ƙwallon nan da ka faɗa an gwada shi ƙiri-ƙiri. Sian Beilock da abokan aikinta a Amurka, a wani bincike da aka buga a 2002, sun sa 'yan ƙwallo su ja ƙwallo su ratsa tsakanin alamomi da aka jera, wani zubin a ce su lura da wane gefen ƙafarsu ne yake taɓa ƙwallon, wani zubin kuma a ba su wasu kalmomi su saurara don hankalinsu ya tafi can. Ƙwararrun da suke ja da ƙafar da suka saba, sun fi sauri lokacin da hankalinsu ke kan sauraro, da aka ce su lura da ƙafa sai suka rage. Sababbin shiga kuwa akasin haka, su lura da ƙafar ce take taimakonsu. Kaga kenan sa ido a kan kai yana da amfani lokacin koyo, in abu ya riga ya zauna a jiki kuma sai ya zama cikas. Kai ka iya dariya, ka iya hira, ka iya Fatiha, tun kana yaro ka gama koyonsu, me kake gadi?

Ka taɓa kallon Bafulatana mai tallan nono tana tafe da ƙwarya a ka? Tana tafiya tana hira da 'yar'uwarta tana dariya tana tsallake kwata hannunta ko kusa da ƙwaryar ba ya zuwa, amma ba ta manta da ita ba, in ƙwaryar ta ɗan karkata wuyanta ya gyara kafin ma ta sani. Wannan ɗan sanin da ya rage mata shi ake so, kaɗan ne kuma shiru yake sai in akwai dalili. Ranar da ta ce bari in tsaya in ga yadda wuyana yake yi, ranar nono zai zube.

Sai batun mutane. Wannan mai ba da makin da ke cikin kanka yana maka ƙarya kan yawan masu kallo. A Jami'ar Cornell an sa ɗalibai su saka riga mai hoton wani mawaƙi da matasa ke jin kunyar a gan su da shi, aka tura su cikin ɗaki da wasu ɗaliban, da suka fito aka ce mutum nawa kuke zaton sun lura, suka ce wajen rabi, da aka tambayi 'yan ɗakin sai ga shi kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai. Thomas Gilovich ne ya jagoranci aikin, an buga a 2000. 'Yan majalisarku da kake kwana kana tuna abin da ka faɗa a gabansu, kowannensu ya tafi da tasa damuwar, wani kuɗin rajista wani jarrabawar da ya faɗi, ba mamaki akwai wanda shi ma yake kwance yana tuna tasa maganar. Gwada ka tambayi ɗayansu me na ce shekaranjiya da aka yi dariya, ka ga ko zai tuna.

Ta ɓangaren sallah kuwa malamanmu sun daɗe da sanin irinka, har suna suka ba shi. Ka koma Ahalari da ka karanta a Islamiyya, a babin rafkanuwa, an ce mai waswasi ya watsar da waswasin daga zuciyarsa, kar ya kawo abin da yake kokwanto a kai, sai dai ya yi sujada bayan sallama wato ba'adi, ko ƙari yake kokwanto ko ragi. Ka ga hikimar? Wanda kokwanto ke zuwar masa jefi-jefi an ce ya gina a kan abin da ya tabbatar ya ciko, amma wanda abin ya zame masa kullum an ce kar ya biye masa, don biyewar ita ke ciyar da shi. Saboda haka daina sake sallah, kuma ka samu malamin da ka yarda da shi ka karanta babin a gabansa. Ita nutsuwa kuma ba a samunta ta hanyar tambayar kai ko na nutsu, da ka yi tambayar ka fita. Ka bi ma'anar abin da kake karantawa aya bayan aya, shikenan aikinka.

Akwai hadisin da nake so ka riƙe, yana cikin Muslim. Sahabi Hanzala ya haɗu da Sayyidina Abubakar ya ce masa Hanzala ya zama munafuki, saboda in muna gaban Manzon Allah yana tuna mana wuta da aljanna kamar muna ganinsu, in mun koma gida muka shiga cikin mata da 'ya'ya da dukiya sai mu manta da yawa. Abubakar ya ce ni ma ina jin haka, suka tafi tare suka faɗa. Manzon Allah (SAW) ya ce da za ku dawwama a kan halin da kuke ciki a wajena da mala'iku sun yi musafaha da ku a shimfiɗunku da hanyoyinku, sai dai ya Hanzala, sa'a da sa'a, har sau uku. Wato lokacin wannan daban na wancan daban. In sahabi an ba shi izinin ya zauna cikin iyalinsa ya sake, kai wa ya ɗora maka gadin kanka awa 24?

Ga abin da nake so ka gwada. In ka je zance, ka tafi da aiki ɗaya, ka dawo da abu uku da ba ka sani ba game da ita, me take tsoro, wace ƙawa ta fi yarda da ita, me ya ba ta haushi a satin nan. Ba za ka iya sauraronta da gaske kana sauraron kanka ba, ɗaya zai kori ɗaya, kuma ita abin da take nufi kenan da ta ce ba ka wajen, mata muna ganewa tun daga ido. A majalisa ma haka, ka bi labarin mai magana ka yi masa tambaya. Hisabin kuma ka yanka masa lokaci, minti goma bayan Isha, da biro da takarda in so samu ne don abin da aka rubuta ba ya ta zagaye a kai, tambaya biyu kawai, yau na zalunci wani ko na saɓa wa Allah? In eh ne ka nemi yafiya gobe ka yi istigfari, in a'a ne ka rufe littafi. Dariya ta yi ƙara ba zunubi ba ce, ba ta da gurbi a littafin. In tunanin ya dawo ƙarfe ɗaya na dare ka ce masa an tashi daga ofis sai gobe.

In ka yi wata biyu kana wannan ba sauƙi, ko abin ya kai kana guje wa mutane, kana fashin aji don kar a ce ka tashi ka yi bayani, gabanka na faɗuwa, barci ya ƙaurace, toh ka je ka ga likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam. Akwai sashen a asibitin koyarwa na Shika nan kusa da kai, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna. Ciwon fargabar shiga jama'a da ciwon waswasi sanannu ne a wajensu kuma ana samun sauƙi sosai, wani ma da zaman tattaunawa kawai. Zuwa can ba ya nufin hauka, mu dai mun iya ɓata sunan abu.

TAMBAYA: Hajiya Anti ina gaisuwa. Ni kam in abu ya yi min daɗi mantawa nake da kaina gaba ɗaya. In na je biki maroƙi ya kama sunan kakana sai in tsinci kaina a tsakiyar fili ina liƙi, sai na dawo gida in ga har kuɗin da na ware na saro kaya sun tafi. In hira ta yi daɗi in faɗi sirrin da bai kamata ba, a gidan kallon ƙwallo kuma har dambe na taɓa yi saboda musu. Uwargida ta gaji da yi min magana. Ni kuma gaskiya ba na so in zama irin mutanen nan masu ɗaure fuska a wajen farin ciki. Daga wani ɗan kasuwa a Kano.

AMSA: Alhaji ina amsawa, a gaida uwargida da haƙuri. Da za a iya da na ɗebi kaɗan daga naka na zuba wa ɗalibin da ke sama na ɗebo nasa na zuba maka, da duk kun huta.

Ba zan ce ka ɗaure fuska ba, irinku ne gishirin taro. Kuma ba zan ce ka riƙa tunani a tsakiyar fili ba don na san ba za ka iya ba, kalangu na tashi maroƙi na kiran kakanka wane tunani kuma, ai shi maroƙin sana'arsa kenan ya raba ka da lissafi kuma ya fi ka ƙwarewa a aikinsa. Kai naka tunanin kafin a fita za ka yi shi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, da yake bayanin yadda mutum zai bi da ransa bai fara da hisabi ba, ya fara da sharaɗi ne, wato da safe ka zaunar da ranka ku yi yarjejeniya kamar yadda ake yi da abokin kasuwanci kafin a ba shi jari, sannan a sa ido, sannan daga baya a yi lissafi. Kai kana tsallake na farkon ne ka faɗa na ƙarshe, shi ya sa kullum lissafinka da na sani ne.

Toh tun a gida ka yanke abin da za ka kashe, ka ƙirga shi ka sa a aljihu, katin banki ka ba uwargida ta ajiye, in kana da manhajar banki a waya ka rage iyakar abin da za ka iya turawa a ranar, don maroƙan yanzu har lambar akawu suke miƙowa. In aljihu ya ƙare ka ci gaba da rawarka da tafi, ba wanda zai kore ka. Ka kuma tuna liƙin naira laifi ne a dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007, sashe na 21, hukuncinsa ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun, kuma a 'yan shekarun nan an gurfanar da mutane a kai, ga shi kowane biki yanzu akwai mai ɗaukar bidiyo. Ka sa a ambulan ka miƙa, ya fi mutunci ya fi arha.

Sirri kuma, kafin ka fita majalisa ka ambata wa kanka abu biyu ko uku da ba za su fito ba yau ko da wa ya tambaya, da sunansu, don in ka ce kawai zan kama bakina ba ka ce komai ba. Magana zarar bunu ce. A gidan kallo ka zauna kusa da ƙofa tare da abokin da ya fi ka sanyi, ku yi da shi cewa in ya taɓa kafaɗarka sau biyu za ka tashi ku fita shan iska ba musu, kuma ka yi masa alƙawarin ba za ka ji haushinsa ba. Hadisi ya ce in ɗayanku ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in fushin bai tafi ba ya kwanta, kaga jiki aka ba aiki don an san a lokacin kai ba ya jin kira. In kuma ƙungiyarku ce take wasa da abokiyar hamayyarta kuma ka san yaran da kuka yi damben za su zo, ranar ka saya wa uwargida tsire ka kalla a gida.

Masu son aiko da tambaya ƙofa a buɗe take, a taƙaita dan Allah, a kuma faɗi garin da ake.